Ra'ayi: A mayar da tukunyar ƙasa tsakar gida

Sabbin gidajen da ake ginawa a Maraɗi, har ma da Safo a gundumar Madarunfa, kusan duk salonsu ɗaya ne. Ɗan'uwa ya aiko da kuɗi daga Aljeriya, Libiya ko Faransa, a shafe tsakar gida da siminti, sannan a jera furannin roba a bakin ƙofa. Gida ya yi tsada, amma ba ganye ɗanye ko ɗaya.

Wannan asara ce ta fuska biyu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, siminti ya kwashe shi da rana ya amayar da dare. Su kuma magina tukwane na yankin, irin na Jiratawa maƙwabciyar Safo, robobi sun cinye musu kasuwar randa da tulu.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba dacewa da shuka a ƙasarmu. Jikinta na tsatsar da ruwa, iska ta busa, saiwa ta yi sanyi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Ta roba kuwa dafa saiwar take yi, rana kuma ta farfasa ta.

Ba sai an tara da yawa ba. Babbar randa ɗaya a inda ido ke fara sauka in an fito daga zaure, da ƙanana biyu a gefenta, sun wadatar. A huda gindinta don kada ruwa ya kwanta, a zuba tsakuwa, sai rairayi haɗe da ruɓaɓɓen taki.

Shukar ma tana kusa. Kariya, wadda ke fitowa a dajinmu, tana jure fari, tana fure ja da rani, kuma ita ce ake sayarwa a shagunan furanni na Turai da Tailan. Sai dai ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Mai son amfani ya shuka na'ana'a ko lemun tsami.

Wasu za su ce ana fama da abinci da ruwa, wa ke ta fure? Ruwan alwala na yini ɗaya ya ishi tukunya uku, tsohuwar randar da ta tsage ma ta yi.

Kowace ranar 3 ga Agusta Nijar na bikin dasa itatuwa, amma mai haya ba shi da filin dasawa. Tukunya kuwa in ya tashi da ita zai tashi. Masu aiko da kuɗin gini, ku ware na magini a cikin lissafi.