Gardamar Takardar Rizal: Me A Ka Janye, Me Ya Saura?

A ran 30 ga watan Disamba, 1896, da sassafe, Gwamnatin Sifaniya ta sa a ka harbe wani likitan ido mai suna Hose Rizal a filin Bagumbayan cikin birnin Manila, yana da shekara 35 a duniya. Shi ne mutumin da jama'ar ƙasar Filifin su ke ɗauka babban gwarzonsu. To, tun daga wannan rana har yau ba su daina gardama ba a kan abu guda, watau ko ya janye maganganunsa kafin ya mutu, ko kuwa ƙage a ka yi masa. Mun ga ya kamata masu karatu su ji yadda maganar ta ke, domin akwai abin lura a ciki, musamman ga waɗanda a ka ɗora wa nauyin koyar da tarihi.

Rizal ya tashi cikin addinin Katolika, ya yi karatu a hannun limaman ɗarikar Jezuwit, sa'an nan ya tafi Turai. A can ya shiga ƙungiyar asiri ta Firimeson wadda Coci ta haramta, ya kuma wallafa littattafai biyu, Noli Me Tangere a 1887 da El Filibusterismo a 1891, inda ya tone zaluncin mahukunta da na waɗansu limaman Coci waɗanda su ka mallake gonaki su ka danne talakawa. A 1892 a ka kore shi zuwa Dapitan. Da tawaye ya ɓarke a 1896, sai a ka ɗora masa laifin, a ka tsare shi a kurkukun Santiyago, a ka yanke masa hukuncin kisa.

Wani limami, Fada Balaguer, ya ce a daren 29 ga wata Rizal ya sa hannu a kan takarda, ya shaida shi ɗan Katolika ne, ya janye duk abin da ya faɗa ko ya rubuta wanda ya saɓa wa haka, ya kuma yi tir da Firimeson. Jaridun Manila sun buga maganar nan da nan. Amma danginsa ba su ga ainihin takardar ba, kuma ba ta fito fili ba sai a 1935, lokacin da Fada Manuel Garcia ya ce ya tsince ta a ma'ajiyar takardun Coci. Shekara 39 ke nan.

Masu musu suna da hujjojinsu. Sun ce in da ya koma Coci, don me a ka binne shi a ɓoye a maƙabartar Pako, ba akwati, ba alama, har sai da 'yar'uwarsa Narcisa ta yi ta yawon nema kafin ta gane kabarin? An ce an ɗaura masa aure da Josephine Bracken da asubar ranar, amma ba a sami takardar auren ba. Ricardo Pascual ya gwada rubutun takardar da sauran rubuce-rubucen Rizal, ya ce na jabu ne, Rafael Palma kuma ya ƙi yarda da labarin. Masu gaskatawa su ma ba su zo hannu rabbana ba. Waɗansu masana sun duba rubutun sun ce hannunsa ne, Leon Maria Guerrero wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa ya yarda. A 2016 kuma a ka bayyana rahoton wani ɗan leƙen asirin Gwamnati, Federico Moreno, wanda ya ce Rizal ya sa hannu a kan wata takarda gaban shaidu biyu na soja. Sai dai shi ya ce da ƙarfe 3 na yamma a ka yi, bai kuma ambaci Fada Balaguer ba, alhali shi Fada ya ce cikin dare ne, a gabansa.

Ra'ayinmu shi ne, hujja ta fi rinjaya ga cewa ya sa hannu a kan wani abu, gama ɗan leƙen asirin nan ba shi da ribar da zai ci ga ƙaga labari domin Coci. Amma lalle labarin Fada Balaguer ba abin da za a haɗiye ɗungum ba ne.

Ko da mun sallama ya sa hannu, sauran tambaya. Mu a nan mun san malamanmu na Malikiyya ba su ɗaukar furucin wanda a ka tilasta, har an yi wa Imamu Malik bulala a Madina saboda wannan fatawa. Mun kuma san mutum ya kan tuba da gaske in ya hangi ajali, ba wanda ya isa ya ce masa ƙarya ya ke yi. Wanne ne daga cikin biyun nan ya sami Rizal a daren nan, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Abin da mu ke iya dubawa shi ne abin da takardar ta ƙunsa, kuma maganar addini ce a cikinta da maganar Firimeson. Ba ta ce an yi wa talakawan Filifin adalci ba, ba ta ce gonakin da a ka ƙwace halal ne ba. Magana zarar bunu ce. Littattafan sun riga sun shiga hannun jama'a, sun riga sun yi aikinsu, mulkin Sifaniya kuwa ya faɗi a 1898.

Abin da ya sa gardamar ta yi zafi, kowane ɓangare so ya ke ya mallaki gwarzon. An ga haka a fili a 1956, sa'ad da Sanata Claro Recto ya kawo shirin doka a tilasta karanta littattafan Rizal a makarantu. Shugabannin Coci su ka tashi haiƙan su ka yi tsayayya. Daga baya a ka daidaita, dokar ta wuce, da sharaɗin ɗalibi yana iya neman a ɗauke masa karanta su saboda addininsa. Ashe kan yara 'yan makaranta a ke jayayya, da abin da za a zuba musu a ka.

Saboda haka shawararmu ga malaman tarihi, a can ko a nan, kada su ɓoye wa ɗalibai irin wannan saɓani don gudun kada darajar gwarzo ta ragu. A shimfiɗa musu shaidun duka, a tambaye su wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me zai samu in an gaskata shi. Yaron da ya koyi auna magana haka, da wuya ɗan siyasa ko mai farfaganda ya ja shi da hanci in ya girma. Wanda kuwa a ka koya wa cewa gwarzo ba ya tsoro, ba ya shakka, ba ya sake tunani, ran da ya ji akasin haka sai ya watsar da gwarzon da darasin baki ɗaya.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan matattu da masu rai, amin.