Sharhi: Ɗaki Bisa Shasin Gingimari, Sana'ar da Ta Cancanci Jari

A Jamus, masu hannu da shuni kan sayi shasin Unimog ko MAN, su ɗora masa ɗaki mai gado, madafa da tankin ruwa domin yawon buɗe ido a daji. A Nijeriya, irin wannan mota kayan aiki ce. Duk ɗan kwangilar da ya kai ma'aikata ƙauyukan Kwali ko Abaji da damina ya san asarar da rashin masauki ke jawowa. Masu haƙar rijiyar burtsatse da asibitocin tafi-da-gidanka ma suna bukatarta.

Gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Tun a shekarun 1970 aka kafa Steyr a Bauchi da NTM a Kano, kuma maƙeranmu sun daɗe suna ɗora bodi. Sai dai ɗaki ba bodin katako ba ne. Shasi yana murɗewa a hanya mai gargada. In aka yi wa ɗakin walda kai tsaye a kansa, bango zai tsage. Dole a sa ƙaramin firam a tsakani mai ba shi damar motsi, a kuma ajiye tankuna a ƙasa don kada motar ta kife.

Saboda haka ya kamata hukumar NADDC da ke Abuja ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki, ta horar da masu walda na Apo. Banki ba zai ba da rance kan motar da kamfanin inshora ya ƙi karɓa ba. Sai da ƙa'ida jari zai shigo.