Man Sikwalen a Lokacin Hunturu

Uwargida, ko a Potiskum kike ko a Kano, kin san halin hunturu: fata ta yi furu-furu, gashi ya riƙa karyewa. Shi ya sa ake ta tallar man sikwalen, wanda ake rubuta Squalane a jikin kwalba.

Fatarmu da kanta tana fitar da irinsa cikin maiƙonta, amma yana raguwa idan shekaru suka ja. A da daga hantar kifin shak ake tatso shi, yanzu ana samar da shi daga zaitun da rake.

Ba shi da danƙo, kuma ba kasafai yake toshe ƙofofin fata ba. Ɗigo 2 ko 3 sun wadatar bayan wanka, tun jiki na da laima. A gashi, ki shafa a ƙarshen sili.

Sai dai ba ya ƙara hasken fata. Idan an ce miki yana yi, ki yi zargin gauraye ne. Ki duba lambar NAFDAC, ki fara gwadawa a hannu. Ga kaushin ƙafa kuwa, man kaɗanya ya fi shi kauri da araha.