Zagayen Turai A Jirgin Ƙasa: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk wanda ya yi niyyar zaga ƙasashen Turai a jirgin ƙasa, abin da zai fara ji shi ne labarin wani tikiti guda ɗaya wanda ake shiga jiragen ƙasashe 33 da shi. Wannan magana gaskiya ce, amma akwai sauran bayani, kuma rashin saninsa shi ke jawo wa matafiyi hasarar kuɗi da ɓacin rai.

Shi dai wannan tikiti iri biyu ne. Akwai Eurail, wanda aka fara sayarwa a 1959 domin baƙi waɗanda ba a Turai suke zaune ba. Akwai kuma Interrail, wanda aka ƙirƙiro a 1972 domin mazauna can. Wato mazaunin Nijeriya Eurail zai saya, ɗalibin da ke zaune a Jamus kuwa Interrail. Wanda bai kai shekara 28 ba ana yi masa rangwame, haka ma wanda ya cika 60.

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya sani shi ne, kwanakin tafiya ake saye, ba yawan jirage ba. Wani tikitin na kwanaki a jere ne, daga kwana 15 har zuwa wata 3. Wani kuwa na zaɓi ne, kamar kwana 4 ko 5 ko 7 a cikin wata guda, ba a kuma lissafa ranar da mutum bai hau jirgi ba. Saboda haka sai a fara tsara hanya tukuna, sa'an nan a sayi tikitin da ya dace da ita.

Ga misali. Mutum ya tashi daga Amstadam ta ƙasar Holan zuwa Balin, tafiyar kamar sa'a 6. Daga nan ya wuce Firag, babban birnin Jamhuriyar Cek, sa'a 4 da 'yan kai. Daga Firag zuwa Biyana ta Ostiriya kamar sa'a 4 ne, sa'an nan ya hau jirgin dare ya wayi gari a Benis ta Italiya. Birane 5 ke nan a ƙasashe 5, kuma tikitin kwana 4 ya ishe shi, domin jirgin dare ranar tashi kaɗai ake lissafa masa, muddin bai sake jirgi bayan sha biyun dare ba. Wanda ya ce sai ya taka ƙasa 10 cikin mako biyu, tashoshi kawai zai gani. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abu na biyu, tikitin ba kujera ba ne. Jiragen nan masu gudun tsiya na Faransa da Italiya da Sifen, da Eurostar, da jiragen dare, tilas ne a kama kujera a cikinsu tun da wuri, a kuma biya kuɗinta dabam. Bugu da ƙari, kujerun da ake keɓe wa masu wannan tikiti a Eurostar ƙayyadaddu ne, sukan ƙare. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan kuwa galibi shiga kawai ake yi, in ban da wasu jirage masu ƙetare iyaka a watannin hutu. Don haka wanda yawancin tafiyarsa a Faransa da Italiya take, ya kyautu ya haɗa kuɗin tikiti da na kujeru, ya gwada da kuɗin tikitin kowace tafiya ita kaɗai. Sau da yawa wanda ya sayi tikiti ɗai-ɗai da wuri shi ke cin riba.

Abu na uku, wanda ya fi kowanne nauyi ga mai fasfon Nijeriya, shi ne biza. Ƙasashe 29 ne ke cikin yarjejeniyar Shengen, biza ɗaya ta wadatar a cikinsu, na kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ana neman ta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, kuma ana karɓar takardun nema tun saura wata 6 a yi tafiya. Amma Birtaniya da Ailan da Turkiyya, ko da yake tikitin yana aiki a jiragensu, ba sa cikin yarjejeniyar. Jirgin da ke bi ta ramin ƙarƙashin teku zuwa Landan, wanda aka buɗe a 1994, tun a tashar Faris ake duba fasfon masu shigarsa. Wanda ba shi da bizar Birtaniya a nan zai tsaya, kuɗin kujerarsa kuwa ya tafi ke nan.

Tsarin da ya fi dacewa dai shi ne, a zana hanya, a nemi biza, a sayi tikiti, sa'an nan a kama kujeru. Da yake tikitin yana da wa'adin wata 11 kafin a fara aiki da shi, babu dalilin gaggawar sayensa kafin biza ta fito.