Katafila a kan gangare: tsadar kayan gyara na ƙara haɗari ga direbobi

Da damina ta ɗauke, katafiloli sun koma bakin aiki a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram: cike kwazazzabai, gyaran hanyoyin da ruwa ya yanke, haƙar marmara a kariyer. Galibin aikin a kan gangare ake yin sa, musamman a tsaunukan Adar, wajajen Keita da Buza, da kuma bakin gulbi inda ruwa ya riga ya cinye ƙasa ta ƙarƙashi.

Abin da ke damun mu shi ne halin da injinan ke ciki. Yawancinsu tsofaffi ne da aka shigo da su ta Kwatano. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, sun ƙara tsada, sun ƙara daɗewa a hanya. Mai inji sai ya ce a lallaɓa da tsohuwar sarƙa har kwangila ta ƙare. A shimfiɗaɗɗen fili lallaɓawa na iya yi. A kan tudu ba ta yi.

Haƙoran sarƙa su ke riƙe ƙasa, kuma gaba da baya kawai suke riƙewa. In direba ya ratsa gangare a kaikaice, injin na iya sulalewa gefe kamar tire, balle haƙoran sun cinye. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a hau tsaye a sauko tsaye, wuƙar gaba tana kusa da ƙasa, kuma ba a cire giya a gangara don a rage shan gazuwal. Sarƙa mai sako-sako takan fita daga kan ƙafafunta. Wadda yashi ya cushe kuma takan ɗaure fiye da kima, don haka sai an riƙa kakkaɓe ta kowace yamma. Ga baƙin mai: in bai cika ma'auni ba, da injin ya karkata sai man ya koma gefe ɗaya, famfo ya ja iska, injin ya ƙone ko ya mutu a tsakiyar hawa.

To wa ke duba duk wannan? Sau da yawa aparanti ne ke kan kujera, maigidansa yana inuwa. Igiyar ɗaure jiki kuwa, a injina da dama an yanke ta tuni, alhali ƙarfen kariya da ke saman direba ba ya amfani in mutum ya faɗo waje injin ya danne shi.

A ganinmu, magadan gari da ke ba da irin wannan aiki suna da ta cewa. Suna iya sa a duba birki da sarƙa kafin a fara, a kuma hana yara taruwa kallo a ƙasan gangare, domin dutsen da wuƙa ta ture can yake dosa.