Tace hoto ba laifi ba ne, ɓoye na asali ne laifi

Lissafin da Joseph Fourier ya wallafa a 1822 yana wargaza hoto zuwa layuka masu kauri da sirara, kowane tsarin layi ya zama ɗigo a taswira. Da shi masana ke share dattin da ke ɓata hotunan madubin likita, kuma manhajar ImageJ tana yin hakan kyauta.

Sai dai akwai haɗari. Ka bar ɗigo biyu ka goge sauran, ko hoton da ba komai cikinsa sai datti zai fito da layuka tsaf, kamar an gano wani abu.

Don haka duk wanda ya nuna hoton da ya tace, ya haɗa da na asali, ya faɗi abin da ya cire. In ba haka ba, filtar Snapchat ce kawai.