Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Tanadi Hanyoyin Zagaye Kafin Ruwa Ya Sauka



Yau za mu ɗan ajiye maganar taro da rabon muƙamai, mu yi magana kan abin da ke jiran duk wanda zai hau mota idan damina ta kankama. Kowa ya san yadda abin yake. Ka biya kuɗin mota, ka yi sallama da iyali, an ɗau hanya, sai can tsakiyar daji ka hangi motoci sun yi jerin gwano babu mai motsi. Ka leƙa ka tambaya, a ce maka ai ruwa ya cinye gada a gaba. Daga nan zaɓi biyu ne ya rage wa direba: ko a kwana a nan ana jiran abin da Allah zai yi, ko a juya a bi wata hanyar da shi kansa bai taɓa bi ba.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ruwan sama ikon Allah ne, babu gwamnatin da za ta hana shi sauka. Amma rashin hanyar zagaye da aka tanada, da rashin sanarwa a kan lokaci, da barin matafiya su nemi mafita da kansu, wannan kam aikin mutane ne, kuma mutane ne za su gyara shi.

Mu fara da abin da kowa ya gani da idonsa. Mafi yawan manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Arewa zuwa Ibadan da Legas hanya biyu suke bi don tsallake Kogin Kwara. Akwai ta Mokwa zuwa Jebba zuwa Ilori, akwai kuma ta Abuja zuwa Koton Karfe zuwa Lokoja. A watan Satumban 2012 ruwa ya hau kan hanyar Abuja zuwa Lokoja har aka rufe ta kwanaki. Shekara goma bayan haka, a Oktoban 2022, ruwa ya sake mamaye titin a yankin Koton Karfe. Tankokin mai suka maƙale, layin mai ya dawo gidajen mai na Abuja, kuma a ambaliyar wannan shekarar an rasa rayuka sama da 600 a faɗin ƙasa. A lokacin, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta shawarci masu zuwa kudu maso yamma su bi ta Suleja, Bida, Mokwa, masu zuwa wancan ɓangaren kuma su bi ta Nasarawa su tsallake gadar Oweto.

To, ita Mokwan da ake tura mutane, yaya lafiyarta? A watan Yunin 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba, har Muƙaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya je wurin da kansa. Sannan a ranar 29 ga Mayun 2025 ambaliya ta afka wa garin Mokwa, ta hallaka mutum fiye da 150, ta kuma yanke babbar hanyar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kwana takwas kacal ya rage a yi Babbar Sallah, daidai lokacin da motocin raguna da shanu ke tururuwa zuwa Kudu.

Kun ga inda matsalar take. Idan Lokoja ta toshe, a ce a bi Mokwa. Idan Mokwa ta yanke, sai a koma Lokoja. Duka biyun kuma a kwarin kogi ɗaya suke, damina ɗaya ce ke dukansu. Ranar da suka toshe tare fa? Wannan tambayar ya kamata a ce akwai amsarta a rubuce a kan teburin ma'aikatar ayyuka tun da daɗewa.

Arewa maso gabas ma ba ta tsira ba. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, wato hanyar da Yobe da Borno suka dogara da ita wajen shigo da kaya. A wannan daminar dai gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, ta rufta, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale, ana ɗora musu kuɗin fito a kan kuɗin mota.

Wani zai ce ai hanyar lafiya a bi ta da shekara, zagaye ba laifi ba ne. Gaskiya ne, idan hanyar ta lafiya ce. Amma mu duba wa ke biyan kuɗin zagayen.

Ɗauki direban da ya yi lodin albasa a Aliero zai kai Legas. Hanyarsa ta kullum ita ce Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba. Idan aka ce masa Mokwa ta yanke, dole ya nemi hanyar da za ta fitar da shi Suleja, ya gangara Abaji da Lokoja, sannan ya karkato yamma. Ƙarin ɗaruruwan kilomita ke nan. Kuɗin dizal da aka ba shi na tsohuwar hanya ne. Kowace sabuwar jiha da ya shiga akwai masu shinge a kan titi da rasit a hannu. Kwana biyu ya koma huɗu ko biyar, albasa ta sha zafi da laima a cikin buhu ta fara ruɓewa. Idan kuwa dabbobi ne a motar, abin ya fi muni, domin saniya ba ta jure tsayuwar kwanaki a cikin tirela babu ruwa babu ciyawa. Wasu sai dai a yanka su a gefen hanya a sayar da naman a wulaƙance.

Wannan asarar ba a kan direba take tsayawa ba. Ɗan kasuwa zai rage farashin da zai saya a hannun manomi a lodi na gaba, don ya mayar da abin da ya rasa. Mai saye a Kudu zai biya da tsada. Kayan da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa zuwa Arewa, su man fetur, su magani, su kayan gyaran mota, su ma sun makara kuma sun ƙara kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace kilomita ta ƙara tsada, don haka zagayen da a da ake ɗauka a matsayin ɓata lokaci kawai, yanzu ya zama haraji ne da talaka ke biya ba tare da an ba shi rasit ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Tafiyar da aka tsara za a gama kafin magariba, zagaye kan mayar da ita tafiyar dare, a cikin dajin da kowa ya san halin da yake ciki. Mace mai naƙuda da aka tura babban asibiti, ɗalibin da zai zauna jarrabawa da safe, masu kai gawa gida, duk babu wanda ruwa ke ɗaga wa ƙafa. Kuma idan jira ya yi tsawo, sai ka ga wani direba ya ce bari ya gwada kutsawa cikin ruwan. Nan ne ake asarar rai, domin ruwa mai gudu ba sai ya kai ƙugu yake ɗaukar ƙaramar mota ba, kuma babu mai iya ganin ko kwaltar da ke ƙarƙashinsa tana nan ko ta zaizaye.

Ita kanta hanyar zagayen ba ta tsira. Yawanci titin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, wanda aka yi don ƙananan motoci da masu kai amfanin gona kasuwa. A wayi gari a turo masa tireloli ɗari-ɗari masu lodin da ya wuce ƙa'ida, ƙasa kuma a jiƙe. Mako biyu ya isa ya farfashe. Idan an gyara babbar hanya kowa ya koma, mutanen ƙauyukan nan ne ake bari da ramuka, babu mai waiwayarsu.

Abin da ya sa muke cewa wannan ba ƙaddara ce kawai ba, shi ne yawancin wuraren nan an san su. Titi ba ya yankewa haka siddan. Galibi kwalbati ne ya yi wa ruwan da ke bi ta cikinsa kaɗan, ko yashi da bola da ledoji sun toshe shi. Ruwa ya taru a gefe ɗaya, ya haura kan titi, ya riƙa cin ƙasar da ke ɗaya gefen har kwalta ta rasa abin da za ta zauna a kai. A wajen gada kuma ruwa ne ke yashe gindin ginshiƙi a hankali, shekara da shekaru, kafin ranar da za ta zauna. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun san wannan. Direbobin tasha sun san shi. Ƙari a kan haka, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya za ta shafa. Akwai hukumar FERMA da aka kafa a 2002 musamman don gyaran hanyoyin tarayya. Akwai kuɗin kula da muhalli da ake warewa daga asusun tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi ma suna da kasonsu. Hukumomi dai ga su nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a haɗa hasashen da aiki kafin ruwa ya sauka.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba wani abu ne da ya gagari gwamnati ba.

Na ɗaya, kowace babbar hanya a ayyana mata hanyar zagaye tun da rani, a rubuce, a sanar da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwanni. A duba gadojinta da kwalbatocinta, a tabbatar za su ɗauki nauyin tirela. Hanyar da ba za ta ɗauka ba, a faɗa a fili cewa ta ƙananan motoci ce kawai.

Na biyu, a yashe kwalbatoci da magudanan ruwa a watan Afrilu da Mayu. Wannan aiki ne na shebur da katafila, kuɗinsa bai kai kaso kaɗan na gina sabuwar gada ba, kuma zai ba matasan yankin aikin yi.

Na uku, a ajiye gadojin ƙarfe na wucin gadi, irin waɗanda injiniyoyin soja ke haɗawa cikin kwanaki, a kowace shiyya, tare da duwatsu da injina kusa da wuraren da aka san suna yankewa. Bai kamata a jira gada ta faɗi sannan a fara neman ɗan kwangila ba.

Na huɗu, sanarwa. Idan hanya ta yanke, a faɗa a rediyo da Hausa da sauran harsunan yankin cikin awa guda, a kira tashoshin mota, a tsayar da jami'ai a mararrabar da ta dace su juya motoci. Babu ma'ana a bar direba ya yi tafiyar awa uku zuwa bakin ramin sannan ya ji labari.

Na biyar, duk hanyar da aka karkatar da motoci zuwa kanta, a kai mata jami'an tsaro dare da rana, a kuma ɗage shingayen karɓar kuɗi har a buɗe babbar hanya. Bayan an buɗe, a gyara abin da tireloli suka lalata.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun saba, da zarar gada ta karye, sai a ɗauki hoto a ɗora a Facebook a yi ta jifan ɓangaren da ba namu ba. In a jihar da namu ke mulki ne kuwa, sai a yi gum, ko a ce ai hanyar tarayya ce. Lissafin da muka kawo a sama ya faro daga 2012 zuwa 2025, ya ratsa gwamnatoci daban-daban da jam'iyyu daban-daban, babu wanda zai ce hannunsa a wanke yake. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan muna so jama'a su yarda da mu gobe, to mu fara da tambayar namu wakilan yau. Kansilanmu ya san kwalbati nawa ne suka toshe a mazaɓarsa? Ɗan majalisarmu na jiha da na tarayya, me suka sa a kasafin kuɗi don hanyar da mutanensu ke bi zuwa kasuwa da asibiti? Babur da keken ɗinki da ake rabawa suna da amfaninsu, amma babur ɗin ma sai da hanya yake tafiya.

Ku kuma 'yan uwa, akwai naku aikin. Duk wanda ya san wata gada da ta fara tsagewa ko kwalbatin da ya cushe a yankinsa, ya ɗauki hoto yanzu, ya rubuta sunan wurin da ranar da ya ɗauka, ya kai wa shugabannin mazaɓa, ya turo mana mu ma mu wallafa. Don Allah a daina yaɗa tsofaffin bidiyo a WhatsApp ana cewa yau abin ya faru, domin labarin ƙarya kan sa direba ya bar hanya mai kyau ya faɗa wadda ta fi haɗari. Kafin ka yi doguwar tafiya da damina, ka kira tasha ka tambayi direban da ya shigo da safe. Ka tashi da wuri, ka riƙe ɗan guzuri da ƙarin kuɗi. Idan ka ga ruwa ya haura titi, kar ka matsa wa direba ya shiga, kuma in shi ya nace, ka sauka. Makara ta fi a kai ka gida a makara.

Hadari ya kusa fara haɗuwa a gabas. Waɗanda ke da alhakin hanyoyin nan suna da 'yan makonni a hannunsu, mu kuma za mu ci gaba da tunatar da su, namu da waɗanda ba namu ba, kuma idan damina ta wuce za mu dawo a wannan shafi mu lissafa wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.